Mai Zubawa a Ƙarshe

Matata ba ta iya dafa abinci kaɗan ba. Wannan ba zagi ba ne, ita ma ta sani. Shekara goma sha huɗu tana girki a wata makaranta inda yara ke kiranta Anti Kuku, hannunta ya riga ya saba da tukunyar da sai mutum biyu sun kama ake sauke ta. Kafin annoba abin bai taɓa damuna ba, don a makaranta take cin na rana ita da 'yan matanmu biyu, Babba da Auta, ni kuma a shago nake sayen abin da zan sa a baki tsakanin wannan kai da wancan. Ni mai aski ne. Sai da aka rufe makarantu, aka rufe kasuwa, aka ce masu aski ma mu rufe tunda a kan numfashin mutane muke sana'a, sannan na san da wa nake zaune.

Ranar farko ta dokar kulle ta dafa shinkafar da za ta ishi mutum ashirin, alhali mu huɗu ne a ɗaki. Na tsaya a kan tukunya na tambaye ta ko akwai baƙin da ba a gaya min ba. Ta kalli tukunyar, ta kalli hannunta, ta rantse cewa ta rage. Washegari ta ƙara ragewa, ya zama na mutum goma sha biyar. Ba mu da firij, ga zafi, don haka abin da ya saura sai yaran su bi ƙofa-ƙofa da shi. Maƙwabta suna ta sa albarka, ni ina kallon buhunmu yana durƙusawa a lungu.

Buhun nan kuwa shi ne duk abin da muka mallaka, shi da galan ɗin mai da 'yar albasa a ƙarƙashin gado. Da kuɗin da na tara don canza kujerar shago na saye shi. Makarantar da matata ke aiki ta kuɗi ce, tun satin farko mai ita ya aiko cewa babu albashi sai an dawo. Ni kuwa dama hannu baka hannu ƙwarya nake yi, ranar da ban aske kai ba babu abin da ya shigo. Na yi faɗa, na yi nasiha, har na zauna kusa da murhu ina tsaron hannunta kamar ɗan sanda. Duk a banza, da na juya in sha ruwa ta ƙara ludayi biyu ba ta ma san ta ƙara ba.

Gidan da muke haya ɗakuna bakwai ne kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu. Mai gidan wata tsohuwa ce da kowa ke kira Inna, tana zaune a sama ita kaɗai. A ƙasa akwai mu, akwai Tela da iyalinsa, da wani direba, da wata malamar firamare, da sauransu, kowa aikinsa ya tsaya cak. Mutum ɗaya ne kawai yake fita aiki, wani siririn matashi da ake kira Dogo, wanda ke tura gadon marasa lafiya a asibiti. Tun farkon annoba ya mayar da matarsa da jaririyarsu gidan iyayenta don kada ya kwaso musu ciwo. Ɗakinsa ne na ƙarshe, kusa da ƙofar fita.

A sati na biyu matata ta zauna a bakin ƙofa tana kallon murhu bakwai suna cin gawayi, kowanne da 'yar tukunya kamar ta wasan yara a kansa. Ta ce abin yana mata ciwo. Gawayin da ake ƙonawa a gidan nan a rana ɗaya, in ji ta, zai dafa wa aji shida abinci. Ta ce tunda hannunta ya ƙi ƙanƙancewa, me zai hana kowa ya kawo nasa a haɗa, ta dafa a tukunya ɗaya, murhu ɗaya, man girki kaɗan. Na buɗe baki in kushe, na rasa ta ina zan fara. Gaskiya ta fi ni lissafi a ranar, kuma na ji haushi.

Aka yi taro a tsakar gida, kowa a bakin ƙofarsa, ana ɗaga murya ta cikin takunkumi. Ni mutum ne mai son tsari, ko da yake matata tana cewa mai son baki. Ba wanda ya naɗa ni, amma ni na shimfiɗa dokoki. Za a ajiye babban bokiti mai murfi a ƙarƙashin bene, kowane ɗaki ya zuba awonsa da safe gwargwadon yawan mutanensa. Inna ta leƙo daga sama ta ce ta yarda, amma a riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya rufe kwanonsa da ƙyalle, don kada wani ya ga shinkafar wani ta fi tasa tsakuwa. Matata ta ɗauko ƙusa ta karce layi a cikin bokitin, ta ce idan shinkafa ta kai nan, kowa zai ƙoshi.

Sai na ƙara tawa. Na ce wanda bai zuba ba, ba ya ɗiba. Sau uku na faɗa, ina nuni da yatsa, domin na san halin mutane, ko kuma haka nake zato.

Sai aka zo kan Dogo. Yana tsaye can nesa, hannuwa a baya. Tsoronsa muke ji, ba amfanin ɓoyewa. Idan ya taɓa famfo, mata sai sun wanke kan da sabulu sau biyu, idan ya shigo, iyaye su janye yara. Ni na ce a bar shi ya ci gaba da girkinsa shi kaɗai. Matata ta dube ni da irin kallon da take yi wa yaron da ya tsallake layi, ta ce ita ba ta taɓa dafa tukunyar da aka cire mutum ɗaya ba. Aka daidaita a kan cewa zai ajiye kwanonsa a bakin ƙofa a zuba masa daga nesa. Ni kuma na kafa sharaɗi: shi ne zai zuba a ƙarshe, bayan kowa ya gama, da leda a hannunsa, ya wanke murfin kafin ya tafi. Dogo ya ce ba komai, hakan ma ya gode.

Abin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Gawayin kwana ɗaya ya koma na kwana biyar. Ranar da direba ya samo tumatir kowa ya ci tumatir, ranar da malama ta sayar da fankarta aka ga kifi a tukunya. Tela yana ɗinka takunkumi da guntayen yadi yana aikawa bakin titi. Matata kuwa ta dawo hayyacinta, tana juya ludayi tana ba da umarni, har waƙar da take yi a makaranta ta dawo bakinta. Ɗakinmu ne ke jikin bene, don haka ni nake zubawa bayan Inna. Nakan fita da kwanona a rufe, ƙirji a gaba.

Aka ce kulle na sati biyu ne, aka ƙara biyu, aka sake ƙarawa. A sati na shida matata ta zazzage buhunmu a kan faranti, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Na sayar da rediyo, ya kai mu kwana huɗu. Na sayar da madubin shago, ya kai mu uku. Na ɗauko kilifa, na'urar askina, zan fita da ita, matata ta tare ƙofa ta ce in na sayar da wannan, ranar da aka buɗe gari da haƙori zan yi wa mutane aski? Ta ce in bari ta hau wurin Inna ta gaya mata halin da ake ciki. Na hana. Ni da na ɗaga yatsa sau uku a gaban kowa, da wane ido zan dubi Tela? Kuma dokar tawa ce, idan aka bi ta, Babba da Auta ne za su kwana da yunwa.

Washegari ta rufe kwanon da ƙyalle ta miƙo min ba ta dube ni ba. Babu komai a cikinsa. Na shiga ƙarƙashin bene, na buɗe bokiti, na ga 'yar shinkafar Inna a ƙasa. Na ɗebe ta da kwanona na sake zazzage ta daga sama, don na waje su ji ƙarar zubawa. Ban taɓa sata ba a rayuwata, amma a ranar na san yadda ɓarawo ke ji a ƙirjinsa. Na fito ina gaisawa da mutane.

Matata ta ce kada in damu, idan ta tarar bokitin bai kai layi ba za ta ƙara ruwa, ta kuma bar nata rabon. Amma da ta ɗauko shi, shinkafa tana kan layi daidai. Muka ɗauka wani ne hannunsa ya zarce. Kwana na biyu haka, na uku haka. Na tambaye ta ko ita ce ke yin wata dabara, ta ce da me, da ƙasa? Auta takan cinye nata ta lashe cokali ta ce abincin yanzu ya fi na da daɗi, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Kullum ina jiran ranar da asirina zai tonu, kullum bokiti yana kan layi.

A kwana na goma sha ɗaya na yi abin da bai dace ba. Bayan na gama wasan kwaikwayona, maimakon in koma ɗaki sai na hau bene na lafe a kwanar matakala, inda ake hango bokitin ta tsakanin ƙarafa. Inna nake zargi, ina so in tabbatar. Direba ya zo ya zuba rabin kwano. Malama ta zuba nata cikakke. Sai ga Tela, mutumin da saboda idonsa na hana matata magana. Ya waiga dama ya waiga hagu, ya ɗebi ta cikin bokitin ya zazzage daga sama, daidai yadda nake yi, har da ɗan tarin da nake yi don rufe kunya. Na so in yi dariya, hawaye ne suka zo.

Da kowa ya gama, Dogo ya shigo. Daga aikin dare yake, ya riga ya wanke hannu da ƙafa a bokitinsa na waje, ga leda ɗaure a hannuwansa kamar yadda na sharɗanta. Ya buɗe murfi, ya sunkuya ya nemi layin da ido. Shinkafar ko rabin hanya ba ta kai ba. Bai yi tsaki ba, bai girgiza kai ba. Ya sauke jakar bayansa, ya ciro ƙullin shinkafa, ya zuba kwano ɗaya, ya duba, ya ƙara, ya duba, ya ƙara. Da ta kai, ya baje saman da gindin kwano don kada hannunsa ya taɓa. Ni na sa shi a ƙarshe don in nisanta shi da abincinmu, ashe na sa shi a inda shi kaɗai ke ganin abin da ya rage.

Ƙafata ta gogi ƙarfe, ya ɗago ya gan ni. Nan take ya ja da baya har ya bugi bango, yana ba ni haƙuri, wai bai san akwai mutum ba, da ya jira. Sai a lokacin na kalle shi da kyau. Ya rame, idanunsa sun faɗa, takalminsa ya cinye ta gefe ɗaya. Gashin kansa ya taru ya cukurkuɗe, gemu ya fito ta gefen takunkumi ko'ina. A sana'ata, kallo ɗaya nake yi wa kai in san rabonsa da hannu. Wannan ya fi wata biyu.

Na tambaye shi tun yaushe yake wannan. Ya ce bai riƙe ba. Na tambaye shi da me yake saye, ya ce ya daina hawa mota ne, asibitin ba nisa sosai idan mutum ya saba, kuma shi kaɗai ne a ɗaki, me zai ci.

"Yaya, don Allah kada ka gaya wa kowa," ya ce. "In suka san daga hannuna take fitowa, wasu ba za su iya ci ba."

"Dogo, nawa ne babu. Kwana goma sha ɗaya kwanona ba komai."

"Ni ban san na wa ne ba, kuma ba na so in sani. Layi kawai nake dubawa." Ya murza ledar hannunsa. "In na tashi da rana na buɗe ƙofa na ga kwanona a rufe da abinci, sai in ji kamar har yanzu a cikin mutane nake."

Ya wanke murfin da sabulu, ya ɗauki jakarsa, ya bi jikin bango ya tafi ɗakinsa. Na daɗe a zaune a matakala. Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma tare da ita na ji ina ƙaunar yaron nan kamar ƙanina na ciki ɗaya.

Na gaya wa matata, don ita ba kowa ba ce. Ta ajiye ludayi ta zauna a bakin gado. Na jira ta tuna min waye ya ce a cire shi daga tukunya, don da ni ne da na tuna mata. Ba ta tuna min ba, sai ta goge ido da gefen zani ta tambaye ni me zan yi. Na ce ban da shinkafa, ban da kuɗi. Ta ce ba abin da ba ni da shi ta tambaya ba.

Na jona kilifa a wuta ta ɗauki caji. Na wanke almakashi da mataji, na zuba musu sifirit na kashe ƙwayoyin cuta, na ɗaura takunkumi biyu. Wajen hantsi, lokacin da kowa ke bakin ƙofarsa ana jiran a ɗora tukunya, na ɗauki kujerar roba na dasa ta a tsakiyar tsakar gida, inda iska ke wucewa. Na je na ƙwanƙwasa ƙofar Dogo da hannuna, ba da ƙafa ba. Ya buɗe, ya ga kilifa, ya ce a'a, Yaya, kana da yara. Na ce ya sa takunkuminsa ya fito, ni na san aikina, kuma kan nan nasa abin kunya ne ga gidan da mai aski ke ciki.

Yana zama mata suka janye yara. Tela ya miƙe tsaye a ƙofarsa.

"Mai Aski, lafiyarka kuwa? Ka san daga inda mutumin nan yake dawowa."

"Na sani," na ce. Na ɗaga murya yadda na ɗaga ta ranar taro. "Ku saurara duka. Ni na ce wanda bai zuba ba ba ya ɗiba. To kwana goma sha ɗaya ke nan kwanon da nake kai wa bokiti ba komai a cikinsa, kuma ni da iyalina muna ci. Ba ni da abin zubawa sai wannan da ke hannuna. In za ku cire mu, ku cire ni, ku bar yaran."

Ban kalli Tela ba, ban ambaci kowa ba, ban kuma faɗi wanda ke cika bokiti ba, ko da yake na ga malama tana kallon takalmin Dogo. Can sai Inna ta leƙo daga sama ta tambayi matata ko yau ba za a ci abinci a gidan nan ba ne, rana tana yi. Matata ta ce yanzu za ta ɗora, Inna. Tela ya shige ɗaki, na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi ya fito da wani yadi fari, sabo, ya miƙo min daga nesa ya ce in yafa masa a kafaɗa kada gashi ya shiga rigarsa. Idonsa a ƙasa yake.

Na yafa masa yadin, na ɗaure a bayan wuya. Na ɗora tafin hannuna na hagu a kan kansa don in karkata shi, yadda na yi wa dubban kawuna ba tare da na lura ba. Sai na ji duk jikinsa ya girgiza. Na ɗauka na ja masa gashi ne, na ce sannu.

"Ba komai," ya ce, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Tun ranar da suka tafi, babu hannun da ya taɓa ni."

Na kunna kilifa. Gashi ya riƙa zubowa a kan farin yadi. Na yi masa a hankali, na gyara gefen kunne, na saki igiyar takunkumi ɗaya na rage gemun wannan gefe, na mayar, na saki ɗayar. Hayaƙin murhu ya tashi, na ji matata tana cewa Babba ta kawo gishiri. Kafin in kai ƙeya, kansa ya fara nauyi a hannuna. Numfashinsa ya daidaita. Barci ya yi, a zaune, a tsakiyar mutanen da suka yi wata biyu suna guje masa.

Na gama askin, na kashe kilifa. Idan na janye hannuna kansa zai faɗi ya farka, don haka ban janye ba. Na tsaya a rana riƙe da shi, kafaɗata tana tsami. Auta ta taho da gudu za ta yi magana, Tela ya ɗora yatsa a bakinsa, ta koma da sanɗa. Haka na tsaya har shinkafa ta nuna.